Masu Gadin Ƙofar Gidan Young: Nazarin Wakilci a Fim ɗin Crazy Rich Asians

Fim ɗin ya buɗe ne a Landan, shekarar 1995, cikin dare ana sheƙa ruwan sama. Wata mata mai suna Eleanor Young ta shigo wani babban otal tare da 'yar'uwar mijinta da yara biyu, duk sun jiƙe sharkaf. Ta ce ta kama ɗaki tun kafin ta taso daga gida. Manajan ya dube ta sama da ƙasa, ya ce babu sunanta a littafi, ya ba ta shawara ta nemi masauki a unguwar Sinawa. Ko wayar otal ɗin bai bari ta taɓa ba. Ta koma cikin ruwan, ta kira mijinta daga wayar bakin titi. Ba a jima ba sai ga mai otal ɗin da kansa ya sauko yana sanar da ma'aikatansa cewa iyalin Young sun saye wurin.

Duk wanda aka taɓa wulaƙantawa a bakin ƙofa saboda fatarsa ko harshensa zai ji sanyi a ransa idan ya ga wannan wurin. Ni ma na ji.

Can gaba kuma akwai wata ƙofar. A Singafo ne wannan karon. Rachel Chu da ƙawarta Peik Lin suna cikin mota da dare suna neman gidan kakar saurayin Rachel. Hanya ta shige musu duhu, sai ga wasu maza biyu masu gemu da rawani irin na mabiya addinin Sik, ɗauke da bindigogi masu tsinin wuƙa, sun leƙo ta gilashin motar. 'Yan matan suka firgita. An tsara wurin ne don mai kallo ya yi dariya. Mutanen nan biyu ba su da suna, ba su da labari, aikinsu kawai su tsoratar sannan su buɗe ƙofa. Suna kuma cikin 'yan fuskokin masu duhun fata da za ka iya tunawa bayan ka gama kallon fim na awa biyu da aka ce a Singafo yake faruwa.

Tsakanin waɗannan ƙofofi biyu duk rigimar da ta biyo bayan fim ɗin take.

Labarin da kuma yadda aka yi ya fito

Kamfanin Warner Bros. ne ya saki fim ɗin a Amurka ranar 15 ga Agusta, 2018. Jon M. Chu ne darakta, an kuma ɗauko labarin daga littafin Kevin Kwan da ya fito a 2013. Ma'anar sunan ita ce hamshaƙan attajiran Asiya, irin waɗanda kuɗinsu ya wuce hankali. Labarin kansa ba baƙo ba ne ga duk mai kallon finafinan soyayya. Rachel, wadda Constance Wu ta fito a matsayinta, malamar tattalin arziki ce a wata jami'a a New York, uwarta kaɗai ta raine ta bayan ta yi hijira daga ƙasar Sin. Saurayinta Nick Young ya gayyace ta Singafo bikin babban amininsa, bai gaya mata cewa gidansu na cikin mafiya dukiya a ƙasar ba. Ta isa ta tarar da uwarsa Eleanor mai ido kamar na shaho, kaka mai riƙe da ragamar dangi, da tarin 'yan mata masu ganin ta zo ƙwace musu rabo. Ƙwarya ta bi ƙwarya, shi ne hukuncin gidan.

Abin da ya sa wannan labari na yau da kullum ya zama abin magana a duniya shi ne wurin da aka yi shi. Tun 1993, lokacin da aka fitar da The Joy Luck Club, babu wani babban kamfanin Hollywood da ya sake yin fim na zamani wanda 'yan asalin Asiya ne suka cika manyan guraben wasansa. Shekara 25 ke nan. Kafin nan ma tarihin ba mai daɗi ba ne. A 1937 an yi wani babban fim kan manoman ƙasar Sin, aka ba Baturiya Luise Rainer matsayin matar manomin, aka gyara mata fuska ta yi kama da Basiniya, har ta ci lambar Oska da shi, alhali ga Anna May Wong, Basiniya haifaffiyar Amurka, tana nan tana neman aikin. Al'adar ba ta mutu ba: a 2015 an ba Emma Stone matsayin wata mai jinin Sinawa da na mutanen Hawayi, a 2017 kuma Scarlett Johansson ta fito a matsayin jarumar wani labari na Jafanawa.

Shi kansa wannan fim ɗin ya kusa faɗawa wannan rami. Kwan ya ba da labarin cewa wani furodusa ya taɓa ba shi shawarar a mayar da Rachel farar fata don a samu 'yan kallo. Ya ƙi. Ya ba da izinin littafin a kan dala 1 kacal, bisa sharaɗin za a riƙa jin ta bakinsa wajen yanke shawara. Daga baya Netflix ya zo da tayin kuɗi mai tsoka, har da alkawarin fim uku. Kwan da Chu suka ajiye wannan tayin suka zaɓi Warner Bros., don suna so a ga fuskokin nan a babban allon sinima, a kuma ƙirga tikitin da aka sayar, ta yadda babu wanda zai sake cewa irin wannan fim ba ya kawo kuɗi.

Lissafinsu ya fita. An kashe dala miliyan 30, fim ɗin ya tara sama da miliyan 230 a faɗin duniya, kusan miliyan 174 daga Amurka da Kanada. Sati uku a jere yana kan gaba a gidajen sinimar Amurka. Attajirai da ƙungiyoyin 'yan asalin Asiya sun riƙa saye kujerun sinima gaba ɗaya suna raba tikiti kyauta, ƙarƙashin wani gangami da suka kira Gold Open. An ga dattawa da jikokinsu suna fitowa daga sinima suna share hawaye.

Ba na raina waɗannan hawayen. Yaron da ya tashi a garin da duk wanda ya yi kama da shi a talabijin ko dai mai dafa abinci ne, ko ɗan kokawa, ko ɗan ajin da ake yi wa dariya, ranar da ya ga mai kama da shi shi ne saurayin da ake rububi, shi ne ango, shi ne mai gida, wani abu ya warke a cikinsa. Wannan gaskiya ce, kuma duk sukar da za ta biyo baya ba ta goge ta ba.

Inda fim ɗin ya yi zurfi

A ganina ƙarfin fim ɗin ba ya cikin jiragen sama da gwala-gwalai da bikin da aka malalo ruwa a tsakiyar coci amarya ta tako ciki. Yana cikin rigimar Rachel da Eleanor, domin a nan ne aka nuna abin da Hollywood ta daɗe ba ta gani ba: cewa mutanen da take yi wa kuɗin goro da sunan "'yan Asiya" su kansu ba ɗaya ba ne.

Tun kafin tafiyar, uwar Rachel ta gargaɗe ta a shagon tufafi. Ta ce fuskarki ta Sinawa ce, kina jin yaren, amma a kai da zuciya ke daban ce. Rachel ba ta ɗauki maganar da nauyi ba sai da ta haɗu da Eleanor. Michelle Yeoh, haifaffiyar garin Ipoh a Maleshiya, ita ta fito a wannan matsayi, kuma ta ƙi yarda a mayar da matar muguwar suruka irin ta tatsuniya. Eleanor ɗinta mace ce da ta bar karatun lauya a Ingila don ta tsaya wa mijinta da gidansa. Ita ma uwar mijinta ba ta so ta ba a farko, har ta hana zoben gado, sai da mijin ya sa aka ƙera mata wani mai koren dutse. Ta miƙa ɗanta Nick ga kakarsa ta raine shi don ya zama ɗan gaban goshi. Shekara da shekaru tana biyan kuɗin zama 'yar gida, kuma har yanzu tsohuwar tana iya duban abin da ta naɗa da hannunta a gaban jama'a ta kushe shi. To, mace irin wannan ce aka kawo wa yarinyar da ta tashi a ƙasar da ake koya wa yara su bi abin da ransu ke so. A idon Eleanor, talaucin Rachel ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce Ba'amurkiya ce. Ta tare ta a kan matakala ta gaya mata, cikin murya mai taushi, cewa ba za ta taɓa isa ba.

Wanda ya san zaman gidan yawa ya san irin wannan matar. An danne ta, ta jure, ta hau, sannan ta tsaya a ƙofar da aka taɓa hana ta shiga tana tantance mai shigowa.

Rigimar ta kai ƙarshe a teburin majon, wani wasa na mutum huɗu da ake yi da ƙananan ƙwayoyi masu zane, kusan kamar karta. Wannan wurin ba ya cikin littafin, don fim ɗin aka ƙirƙire shi. Kafin nan an riga an tona asirin uwar Rachel a wurin biki: wani mai bincike da Eleanor ta ɗauka ya gano cewa matar ta gudu ne daga gidan miji a ƙasar Sin, kuma Rachel ba 'yar wannan mijin ba ce. Nick ya nemi auren Rachel duk da haka, yana shirye ya bar danginsa. Rachel ta ƙi, ta gayyaci Eleanor wasa. A nan ne Eleanor ta faɗi wata kalma ta Hokiyen, ɗaya daga cikin yarukan Sinawa, "kaki lang", wato mutanenmu, irinmu, ta ce Rachel ba ta cikinsu. Rachel na riƙe da ƙwayar da za ta ci wasan da ita, ta san Eleanor ma ita take jira, sai ta ajiye mata. Eleanor ta ci. Sannan Rachel ta buɗe nata hannun ta nuna cewa da gangan ta bari, kamar yadda ta bar Nick don kada ya rasa uwarsa. Ba a tsaya ana yi wa Bature bayanin dokokin wasan ba. An bar wanda ya sani ya gane, wanda bai sani ba ya bi fuskoki. Wannan shi ne wakilci na gaske: a yi magana da mutane daga cikin ɗakinsu, ba a tsaya a waje ana nuna su da yatsa ba.

Abin da ke damuna shi ne, fim ɗin da ya fahimci zafin kalmar "ba ki cikinmu" har haka, shi da kansa ya faɗe ta ga wasu.

Singafon da ba a nuna ba

Singafo ba lardin ƙasar Sin ba ce. Tsibiri ne a ƙarshen zirin Malaya, a kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Maleshiya da Indonesiya. Ta rabu da Maleshiya ranar 9 ga Agusta, 1965. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa kusan kashi 74 cikin 100 na mazaunanta 'yan asalin Sin ne, kusan kashi 13 da rabi Malayawa, kashi 9 kuma 'yan asalin Indiya, yawancinsu Tamilawa. Wato a duk mutum huɗu, ɗaya ba Basine ba ne. Harsunan hukuma huɗu ne: Ingilishi, Malay, Mandarin da Tamil. Malay ne harshen ƙasa, da shi ake rera taken ƙasar, kuma tsarin mulki ya amince cewa Malayawa su ne 'yan asalin wurin. Hoton da ke jikin takardun kuɗinsu na Yusof Ishak ne, shugaban ƙasa na farko, Bamalaye. A ranar da fim ɗin ya fito, shugabar ƙasar Singafo ita ce Halimah Yacob, Musulma mai ɗaura kallabi, wadda ta hau kujerar a watan Satumba na 2017.

Ko ɗaya daga cikin wannan ba za ka sani ba idan fim ɗin kaɗai ka kalla. Kafin a nuna komai, rubutun farko da ya bayyana a allo wata magana ce da ake jingina wa Napoleon a kan ƙasar Sin, cewa a bar ta ta yi barci don ranar da ta farka za ta girgiza duniya. Daga nan ka san ta wace taga ake leƙen tsibirin. Da Peik Lin ta zo ba Rachel tarihin gidan Young, sai ta ce kakanninsu sun baro ƙasar Sin a ƙarni na 19 sun iso Singafo lokacin babu komai sai daji da masu kiwon alade. Wannan jimla ɗaya ta share ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 14 akwai tashar jiragen ruwa a wurin, ana kiranta Temasek. Da Baturen Ingila Stamford Raffles ya zo a 1819, ba daji ya sa wa hannu ba: yarjejeniya ya ƙulla da Sarki Hussein Shah da Temenggong Abdul Rahman, sarakunan Malayawa. Sunan garin ma, Singapura, birnin zaki, ta harshen Malay ya zo.

Abincinsu dai ya samu shiga. A daren farko an kai Rachel kasuwar abinci ta Newton, an ci sate, tsiren Malayawan nan da ake tsomawa a miyar gyaɗa. Gine-ginen yankin ma sun samu shiga, domin gidan kakar Nick a Kuala Lumpur aka ɗauke shi, teburin majon kuma a wani tsohon gida a Penang, duk a Maleshiya. Mutanen ne ba su samu kujera ba. Inda ka ga mai duhun fata, ko dai yana buɗe ƙofa, ko yana tuƙi, ko yana hidima. Akwai mace ɗaya mai daraja da aka ce Bamalayiya ce, Gimbiya Intan, wadda Rachel ta zauna kusa da ita a coci suka yi hirar bashin ƙananan 'yan kasuwa. Wadda ta fito a matsayin ita ce Kris Aquino, 'yar Filifin, ɗiyar tsohuwar shugabar ƙasa Corazon Aquino.

Hatta Sinawan Singafo da yawa ba su ga kansu ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar a gidajen bene na gwamnati suke zaune. Turancin da suke yi a titi da kasuwa, wanda ake kira Singilish, gauraye yake da Malay da Hokiyen da Tamil. A fim ɗin manyan jarumai da Turancin Landan ko na New York suke magana. Karin harshen gida ya fi fitowa a bakin uwar Peik Lin, a gidan sababbin kuɗin da aka ajiye don ban dariya. Ba a maganar ɗaruruwan dubban baƙin ma'aikata, mata 'yan Filifin da Indonesiya da Myanmar masu aikin gida, da maza 'yan Bangaladash da Indiya masu ɗora tubalin dogayen benayen da kyamara ke shawagi a kansu.

'Yan ƙasar ba su yi shiru ba. Marubucin wasan kwaikwayo Alfian Sa'at, wanda Bamalaye ne, da 'yar jarida Kirsten Han, da 'yar gwagwarmaya Sangeetha Thanapal, wadda ta daɗe tana rubutu kan fifikon da Sinawa ke da shi a Singafo, duk sun fito sun yi suka. Jigon maganarsu ɗaya ne: waɗanda suke tsiraru a Amurka su ne masu rinjaye a Singafo. Abin da ya zama nasarar raunana a Los Angeles, da ya sauka a Singafo sai ya zama hoton masu ƙarfi suna sake cika allo, kamar yadda suka saba cika shi a talabijin ɗin gida.

Kuma maganar ƙabila a ƙasar ba abin wasa ba ce. A watan Yuli na 1964 an yi mummunan rikici tsakanin Malayawa da Sinawa, wanda ya ɓarke a lokacin zagayen Maulidi, aka rasa rayuka. Tun 1989 gwamnati ke ƙayyade yawan kowace ƙabila a kowane benen gidajenta don kada a ware unguwanni. Shekara guda bayan fim ɗin, a 2019, an yi ce-ce-ku-ce a ƙasar kan wani talla da aka shafa wa ɗan wasa Basine duhu a fuska ya fito a matsayin Ba'indiye, ya kuma ɗaura kallabi a matsayin Bamalayiya. A irin wannan ƙasa ne aka ɗauko mutum biyu masu rawani aka mai da su abin firgita 'yan mata.

Dalilin wannan makanta ba ɓoyayye ba ne. Darakta Chu haifaffen Kalifoniya ne, iyayensa masu gidan abinci ne a can. Kwan a Singafo aka haife shi, amma ya bar ta yana ɗan shekara 11 ya koma Texas. A watan da fim ɗin ya fito ma ma'aikatar tsaron Singafo ta sanar cewa tana nemansa don bai yi aikin sojan da ya wajaba kan kowane namiji ɗan ƙasa ba. Ciwon da masu fim ɗin suka zo warkarwa ciwon Amurka ne. Singafo ado ce a wurinsu, dandalin da za a nuna wa Bature cewa mu ma muna da namu.

Uzurin da aka bayar

Amsar da aka fi ji ita ce fim ɗaya ba zai ɗauki kowa ba. Constance Wu da kanta ta rubuta cewa ta san fim ɗin ba zai wakilci kowane Ba'amurke ɗan asalin Asiya ba. An kuma ce labarin wani rukuni ne ƙanƙani na tsofaffin attajiran Sinawa, waɗanda a zahiri ma ba sa cuɗanya da kowa sai irinsu; nuna su a haka gaskiya ce.

Rabin wannan uzuri na karɓa. Babu wanda ke tambayar finafinan Turawa me ya sa ba su ɗauko kowane irin Bature ba, don suna da dubu. Nauyin da aka ɗora wa wannan fim ya zo ne daga yunwar shekara 25, kuma ba masu fim ɗin suka haddasa yunwar ba. Amma sauran rabin bai shige ni ba, saboda dalili biyu. Na farko, ba a tallata fim ɗin a matsayin labarin wasu 'yan gidaje ba. Sunansa ya ce 'yan Asiya, daraktansa ya kira shi gangami, an kuma nemi duk mai jinin nahiyar ya sayi tikiti don kishin kai. Wanda ya karɓi kuɗin jama'a da sunan jama'a, dole ya saurari jama'a idan sun ce ba su ga kansu ba. Na biyu, akwai bambanci tsakanin barin mutum a waje da shigo da shi don a ƙasƙantar da shi. Da ba a nuna masu gadin nan ba sam, da sai a ce mantuwa ce. An nuna su, an zaɓi hasken da zai sa su zama abin tsoro, an zaɓi a hana su magana. Wannan shawara ce da wani ya yanke, wasu suka gani suka wuce.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mun san maigadin finafinan Legas, da 'yar hularsa da rediyonsa da karyayyen Turancinsa, wanda ake ƙwala wa kira da "aboki" ya zo da gudu ya buɗe ƙofa. Mun san yadda abin ke yi mana a rai. To amma laifi tudu ne. A finafinanmu na Kano, inda mu ne masu rinjaye, Bafulatanin ruga da Bagwari da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo sau nawa suke fitowa a matsayin mutane masu cikakken labari, sau nawa kuma don a yi dariyar yadda suke karya Hausa? Mutum ɗaya yana iya zama wanda aka tsayar a ƙofa a wani gari, ya zama mai tsayarwa a wani.

Sauran ƙorafe-ƙorafe

An kuma yi ta muhawara kan Henry Golding, wanda ya fito a matsayin Nick. Ubansa Baturen Ingila ne, uwarsa 'yar ƙabilar Iban ce daga jihar Sarawak a tsibirin Borneo. Wasu suka ce an sake zaɓo mai jinin Turawa ne don ya fi shiga ido. Wannan ƙorafin bai yi mini ƙarfi ba. Mutumin a Sarawak aka haife shi, ya yi shekaru yana aikin gabatar da shirye-shirye a Maleshiya da Singafo, ya fi yawancin abokan wasansa sanin yankin. Auna jinin mutum da ma'auni don a ga ko ya isa, ai shi ne abin da Eleanor ta yi wa Rachel. Abin lura a wurina daban ne: jarumin da ke da jinin 'yan asalin yankin, sai da aka mai da shi Basine kafin ya samu shiga. An kuma soki Awkwafina, wadda ta yi Peik Lin, kan aron salon maganar baƙaƙen fatar Amurka don ban dariya.

A ƙasar Sin kuwa, inda aka sa rai, fim ɗin bai yi kasuwa ba. An sake shi a can a ƙarshen Nuwamban 2018, bai tara ko dala miliyan 2 ba. Ga mutumin Beijin ko Shanghai, ganin fuskar Basine a allo ba labari ba ne, kullum ita yake gani.

Abin da ya biyo baya

Ƙofar da fim ɗin ya buɗe a Amurka ta buɗu da gaske. Ya samu shiga takarar lambar yabo ta Golden Globe a gurbi biyu. Kamfanoni sun fara sa kuɗi a labaran da da can suke cewa ba su da kasuwa. 'Yan wasansa sun samu manyan ayyuka, kuma a 2023 Michelle Yeoh ta zama mace ta farko 'yar Asiya da ta ci Oska ta gwarzuwar jaruma, da wani fim ɗin daban.

A watan Yuni na 2021, Chu ya amsa a wata hira cewa sukar da aka yi masa kan yadda ya nuna 'yan asalin kudancin Asiya tana kan hanya, ya ce da ya sani da ya ba su mutuntaka fiye da haka. Na yaba masa, don ba kowane darakta ke iya wannan ba. Sai dai a cikin wannan watan ne sabon fim ɗinsa, wanda aka gina kan wata unguwar 'yan Latin Amurka a New York, ya sha irin wannan sukar: unguwa ce mai cike da baƙaƙen fata, amma manyan jaruman kusan duk masu hasken fata ne.

Akwai kuma abin da ya faru a bayan kyamara, wanda ya fi komai tsaya mini a rai. Mutum biyu ne suka rubuta fim ɗin: Peter Chiarelli, farar fata Ba'amurke, da Adele Lim, 'yar asalin Sin haifaffiyar Maleshiya, wadda ta tashi cikin irin gidajen da ake ba da labarinsu, ta san yadda suruka ke magana da yadda ake zama a teburin cin abinci. Da aka zo shirin kashi na biyu, jaridar The Hollywood Reporter ta ruwaito a watan Satumba na 2019 cewa tayin farko da aka yi wa Chiarelli ya kama daga dala 800,000 zuwa miliyan 1, na Lim kuma dala 110,000 da 'yan kai. Kamfanin ya kafa hujja da cewa ana biyan marubuci ne gwargwadon finafinan da ya taɓa rubutawa, ita kuwa a talabijin ta fi yin aiki. Lim ta ce matsalar ke nan: idan ba a taɓa ba irinta dama ba, ta ina za ta tara tarihin da za a biya ta da shi? Ta kwatanta yadda ake ɗaukar mata da waɗanda ba farare ba da miyar waken soya, abin da ake yayyafawa a kan girkin wani don ya yi ɗanɗanon gida.

Chiarelli ya yi tayin raba nasa kuɗin da ita. Ta gode masa, ta ƙi karɓa, ta ce bai kamata hakkinta ya rataya a kan kirkin abokin aikinta ba. Ta bar aikin. A 2023 ta fitar da fim na farko da ita ce daraktarsa.